Yadda ake lulluɓe ƙaramin jirgin sama da siliki a yanayin Kaduna

Duk wanda ya gama harhaɗa ƙwarangwal ɗin ƙaramin jirginsa na wasa na katakon balsa, wani katako marar nauyi, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya nemi ledar nan ta zamani da ake liƙawa da zafin dutsen guga, irin su MonoKote da Oracover, ya gama a wuni guda, ko kuma ya bi tsohuwar hanya: ya sa masa siliki, ya bi shi da dof, wato ruwan shafi mai ɗame yadi, shafi bayan shafi, aikin da zai iya cin mako guda cur. Ni ta biyun nake so, kuma ba don ƙaunar tsohon abu kawai ba. Siliki idan ya sha dof yakan zama jiki ɗaya da katakon, ya hana fiffike murɗewa a sama. Leda kuwa a kan katakon take zaune, rana ta doke ta sai ta saki ta yamutse, ka koma neman dutsen guga. A filayenmu da ba su rasa ƙaya da kututturen karan masara, siliki in ya huje facinsa ba shi da wuya. Ga kuma kyan gani: idan jirgin ya gifta tsakaninka da rana, za ka hango haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya ta cikin yadin.

Hanyar ta samo asali ne daga manyan jirage. Jirgin da Santos-Dumont, wani maƙerin jirage ɗan Brazil, ya tashi da shi a Paris a 1906 silikin Japan ne a jikinsa. Jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano a 1925, fukafukansu yadin lilin ne da aka shafe da dof. Masu ƙera ƙananan jirage suka ɗauki wannan fasaha, suna aiki da siliki da siririyar takarda har zuwa shekarun 1960 da ledar guga ta fito.

Abu biyu ne ke bambanta aikin a nan Kaduna. Na ɗaya, kayan da za ka samu a kasuwa ba lallai ne su zama abin da aka ce maka ba. Na biyu, yanayin garin yana juyawa daga laimar Agusta zuwa bushewar hunturu, shi kuwa dof iska ce ke juya shi. Wanda ya kula da waɗannan biyun, sauran aikin haƙuri ne da tsabtar hannu.

Neman silikin gaske

Wanda ake so shi ne siliki mai saƙa sassauƙa da ake kira habotai. Ana auna kaurinsa da ma'aunin momi, kuma momi ɗaya daidai yake da kusan giram 4.3 a kowane murabba'in mita. Mai momi 5 shi ne na yau da kullum ga jirgin da faɗin fukafukansa ya kama daga santimita 90 zuwa 180. Mai momi 8 ya dace da babban jirgi mai injin mai, amma yana da nauyi kuma yana shan dof. Idan jirginka bai kai santimita 60 ba, musamman irin mai tashi da murɗaɗɗiyar igiyar roba, bar siliki ka sa takarda, domin ƙarfin jan siliki zai lanƙwasa ƙwarangwal ɗin.

Da wuya mai yadi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci ya san zancen momi, amma sikeli zai gaya maka. Yadi ɗaya mai faɗin inci 45 kusan murabba'in mita ɗaya ne, don haka mai momi 5 ba zai wuce giram 22 zuwa 23 ba. Idan ka ɗora ka ga ya haura giram 40, ba na wannan aikin ba ne.

Babbar matsalar ita ce yawancin abin da ake kira siliki a rumfunan yadi da na gyale roba ce, wato foliyesta. Ba laifin ɗan kasuwa ba ne, sunan da kayan suka zo masa da shi ke nan. Ka gaishe shi, ka ce, “Alhaji, don Allah a ɗan yanko mini ƙyalle in gwada kafin a yanka,” sai ka fita waje ka sa masa ashana. Silikin gaske yana ci a hankali, yana ƙaurin gashi, wutar na mutuwa da kanta idan ka janye ashanar, tokarsa kuma baƙa ce mai murmushewa a tsakanin yatsu. Foliyesta narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri. Idan ya ci da sauri da ƙaurin takarda, to zaren itace ne ko auduga. Wannan gwaji ya zama dole, domin dabarar aikin gaba ɗaya ta dogara ne a kan halin siliki na saki idan ya jiƙe da tsukewa idan ya bushe. Foliyesta ruwa ba ya motsa shi, zafi ne ke tsuke shi, aikinsa daban ne.

Wani zai tuna da zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi. Shi ma siliki ne na gaske, na wata tsutsa ta daji, sai dai kaushinsa da nauyinsa sun yi wa jirgi yawa.

Idan mai launi ka saya, jiƙa ƙyallensa ka goga a farin tsumma, sannan ka ɗiga masa tina, wato ruwan sirka fenti, ka sake gogawa. In yana zuba, ka wanke yadin da ruwan ɗumi har ruwan ya daina canza launi. Wankin yana kuma fitar da sitacin masaƙa da ke hana dof shiga.

Dof da abin da za a iya maye gurbinsa da shi

Dof ruwan shafi ne marar launi da aka yi da sinadarin selulos, yana bushewa cikin mintuna kuma yana tsukewa yayin bushewar, shi ya sa yake ɗame yadi. Iri biyu ne. Na naitiret ya fi kama katako da yadi, amma yana kama wuta sosai, kuma man injin ƙananan jirage mai metanol yana narkar da shi. Na butiret ya fi jure mai, sai dai ba ya liƙewa kamar na farkon, kuma yana ci gaba da tsukewa watanni bayan an shafa. Ƙa'idar da ba a karyawa: ana shafa butiret a kan naitiret, ba a shafa naitiret a kan butiret. Kamfanoni irin su Randolph na Amurka suna yin sa, amma da yake kaya ne mai kama wuta, kawo shi ta jirgin sama ko gidan waya ba abu ne mai sauƙi ba.

Idan bai samu ba, je wajen masu feshin kujeru da gadaje, irin na kasuwar Panteka, ka tambayi ruwan sheƙi marar launi na selulos, wanda ake sirkawa da tina ya bushe nan take. Ɗan'uwan dof ne na kusa. Bambancin shi ne an zuba masa sinadarin da ke sa shi laushi, don haka ba ya ɗame yadi sosai, sai ka ƙara ƙoƙari wajen miƙe silikin tun yana jiƙe. Wanda suke fara fesawa kafin su goge, da suke ce wa sila, kada ka liƙa siliki da shi. Akwai gari a cikinsa da ke sa shi saurin goguwa, garin nan kuma yana rage ƙarfin kamu. Fentin mai kuwa, da duk wani abin da ke kwana bai bushe ba, ba su da wuri a nan.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka haɗa ɗan firam mai kusurwa huɗu da ragowar balsa, santimita 20 kowane gefe, ka yi masa duk matakan da ke ƙasa da silikinka da ruwan shafinka da tinarka. Cikin kwana biyu zai nuna maka ko yadin na tsukewa, ko launin na zuba, ko tinar ta dace da dof ɗin, ko jan ya yi yawa har firam ɗin ya karkace. Kada ka tsallake wannan don gaggawa.

Sauran kayan ba su da wahala: buroshi mai laushin gashi mai faɗin santimita biyu zuwa uku, sabbin reza, almakashi mai kaifi, sanfefa lamba 220 da 320 da 400 da 600 (mai babbar lamba ta fi laushi), kwalbar fesa ruwa, kwalbar gilashi mai murfi ta haɗa dof, fil, da shimfiɗaɗɗen allo da fil ke shiga.

Maganar wuta da numfashi

Tururin tina yana tafiya ta ƙasa ya je ya tarar da wuta a inda take. Kada a yi aikin kusa da risho, murhun gawayi, maganin sauro na kunnawa, ko janareta mai aiki. Kada a sha taba a wurin. A yi shi a baranda ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, ba a ɗakin kwana ba, kuma a kau da yara. Takunkumin yadi ba ya tare tururi, sai irin na masu fentin mota mai matatar gawayi. Idan ka ji kanka ya fara sarawa, rufe kwalba ka fita. Tsummokin da suka sha tina a shanya su a waje su bushe kafin a zubar.

Zaɓen lokaci

Idan tina na tashi da sauri tana sanyaya fuskar yadin, laimar da ke cikin iska sai ta sauka ta shige cikin dof, ya bushe da fari-fari maimakon garau. A Kaduna daga Yuli zuwa Satumba wannan zai dame ka. In dole ne ka yi aiki da damina, jira ranar da gari ya buɗe, ka shafa tsakanin hantsi da la'asar, ba bayan an ɗauke ruwa ba, ba kuma da dare ba. Masu fentin mota suna da tina mai jinkirin bushewa, kaɗan daga cikinta na maganin farin. In ya riga ya fito, shafa tina zalla sama-sama ranar da iska ta bushe, yawanci yakan ɓace.

Hunturu ba shi da laima amma yana da ƙura, kuma jiƙaƙƙen siliki na bushewa a hannunka kafin ka gama miƙe shi. Yayyafa ruwa a daɓe kafin ka fara, ka tanadi babban kwali mai huji a gefe da za ka kifa a kan aikin yayin da yake bushewa. Da bazara, watan Maris da Afrilu, dof na daskarewa a bakin buroshi, sai ka yi da sassafe ka ƙara tina. Mafi daɗin lokaci shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi ƙarfi ba.

Gyaran ƙwarangwal

Nan ne rabin aikin yake. Siliki ba ya rufa wa kowa asiri, duk ɗigon gam da ya bushe, duk haƙarƙarin da ya ɗara 'yan'uwansa tsawo, sai ya fito fili bayan ya ɗame. Naɗa sanfefa 220 a jikin dogon katako mai santsi, ka goge fiffiken ta yadda katakon zai hau haƙarƙari uku ko huɗu a lokaci guda, su daidaita. Sannan ka bi da 320. Rufe ido ka shafa da tafin hannu, abin da ido bai gani ba hannu zai ji. Kusurwoyi masu kaifi a ɗan dakusar da su don kada su yanke yadi. Duba kowace mahaɗa, wadda gam bai kama sosai ba jan siliki zai ɓalle ta. Idan haƙarƙarin ba su da huji, huda kowanne da ƙaramin ƙusa, domin iskar da ke cikin fiffike ta sami hanyar fita idan rana ta gasa shi.

Bayan ka kaɗe ƙura, shafa dof mai kauri, ko wanda aka ɗan sirka, a duk inda siliki zai kama: bakin gaba na fiffike, bakin baya, ƙarshensa, gindinsa, da duk wurin da aka rufe da falanƙin balsa. Shafin farko zai ta da gashin katako, in ya bushe ka goge da 320. Ka maimaita har sau uku, ko sai ka ga katakon ya fara ɗan sheƙi ya daina shanye dof. Wannan busasshen dof shi ne gam ɗinka: nan gaba tina za ta ratsa siliki ta narkar da shi ya kama yadin. Idan ka yi masa rowa a nan, silikin zai riƙa zamewa daga baki yana tsukewa.

Saman haƙarƙari ba sai an liƙa masa siliki tun farko ba, gara a bar yadin ya zame a kansu ya daidaita kansa. Amma idan cikin fiffikenka ya lotsa sama, irin na jiragen da ke shawagi ba inji, dole ka shafa wa ƙasan kowane haƙarƙari dof sosai, domin a nan sai an liƙa yadin a kan kowannensu, in ba haka ba zai miƙe ya bar lotsawar.

Yanka da shimfiɗa

Goge silikin da dutsen guga marar zafi sosai don layin ninki ya fita. Duba bakin yadin da masaƙa ta rufe, zaren tsaye yana tafiya ne tare da shi. Zaren tsayen nan shi zai bi tsawon fiffike daga gindi zuwa ƙarshe. In ka juya shi, yadin zai fi lotsawa tsakanin haƙarƙari, siffar fiffiken ta lalace. Yanka da rarar santimita huɗu zuwa biyar a kowane gefe don ka sami abin riƙewa. Fiffiken da aka ɗaga ƙarshensa sama ƙyalle huɗu yake ci, biyu ƙasa biyu sama, kada ka nemi ƙyalle ɗaya ya haye gwiwar tsakiya.

Da ƙasa ake farawa. Tsoma ƙyallen a ruwa mai tsabta, matse shi a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, ka warware ka shimfiɗa a kan fiffiken. Jiƙaƙƙen siliki yana manne wa katako da kansa, wannan ne ke ba ka damar gyara shi. Fara ja ta tsawo: danna gindi da babban yatsa, ka ja ƙarshen a hankali. Sannan ka koma faɗi, daga tsakiya kana tafiya gefe-gefe, ka ja bakin gaba kaɗan, ka ja bakin baya kaɗan daidai wurin. Idonka ya kasance a kan saƙar. Zaren ya tafi miƙe sambal, in ka ga ya yi baka ko ya karkace, ɗaga ka sake. Ba ƙarfi ake so ba, abin nema shi ne duk yamutsewa ta fita kuma jan ya zama daidai ko'ina. Da zarar wani wuri ya fara haske alamar bushewa, fesa masa ruwa.

Idan ya kwanta yadda kake so, tsoma buroshi a dof da aka sirka rabi da rabi da tina, ka shafa ta saman silikin a bakin firam kaɗai. Fara da gindi, sai ƙarshe, sai bakin baya da na gaba, kana yin santimita biyar zuwa goma a lokaci guda. Bayan kowane shafi murza wurin da yatsa don narkakken dof ya fito ta cikin saƙar, ɗaya hannun kuma yana riƙe da jan. Wurin zai yi fari saboda ruwan da ke jikin yadin. Kada ka damu, shafin da zai biyo baya zai share shi. In ka hango wata yamutsewa bayan ka liƙa, ɗiga tina a bakin da ke kusa da ita, jira ɗan lokaci ya yi laushi, ja, ka sake murzawa.

Ƙarshen fiffike mai zagaye shi ne ke gwada haƙurin mutum. Tsattsaga rarar yadin da almakashi, tsaga bayan tsaga kusan santimita ɗaya tsakani, ka riƙa ja kana liƙa su ɗaya-ɗaya. Siliki na miƙewa sosai idan aka ja shi a karkace, don haka yawancin lanƙwasa za ta kwanta ba tare da an yi ƙari ba.

Da bakin ya bushe, yanke rarar da sabuwar reza, ka bar milimita uku zuwa biyar da za ka naɗe a kan baki ka liƙa. Reza in ta fara jan zare maimakon yanka, canza ta. A bakin baya mai kaifi akwai hanya mafi tsabta: goga sanfefa 220 a kan kusurwar, kana yi daga sama zuwa ƙasa, rarar za ta rabu da kanta. Shafa dof a kan naɗin, in ya bushe ka ɗan goge da 400, sannan ka sa ƙyallen sama kamar yadda ka yi na ƙasa, bakinsa ya hau kan na ƙasan. Saman ya fi wuya saboda doronsa, ka fi ba da ƙarfi wajen jan tsawo.

Kada ka rufe ƙasa yau ka bar sama sai gobe. Gefe ɗaya in ya bushe shi kaɗai zai ja fiffiken ya lanƙwashe. Gama biyun a zama ɗaya, fesa musu ruwa daidai, ka ɗora fiffiken a kan 'yan guntayen katako masu kauri ɗaya don iska ta shiga ƙasa, ka danne bakunansa da fil ko wani abu mai ɗan nauyi, ya bushe a inuwa. Idan zanen jirginka ya ce a ɗaga bakin baya a ƙarshen fiffike da 'yan milimita, yanzu ne za ka sa masa waigi, kuma ya zama daidai a dama da hagu. Washegari ƙwanƙwasa shi da yatsa. In an yi daidai za ka ji ya ɗame kamar fatar kalangu.

Cike saƙa

Shafin farko a kan filin yadi shi ne wurin da aka fi ɓata aiki. Saƙar a buɗe take, dof zai ratsa ya taru ta ciki ya yi ɗigo, ɗigon kuwa in ya bushe ba ya fita kuma ana ganinsa ta waje. Sirka dof rabi da rabi. Tsoma bakin buroshi kaɗai, share shi a bakin kwalba, ka ja shi sau ɗaya a hankali ba tare da dannawa ba, kada ka koma kan inda ka wuce. Riƙe fiffiken a tsaye, ko ma ka ɗaga shi ka shafa ta ƙasa yadda nauyin dof zai dawo wajen buroshi maimakon ya faɗa ciki. Akwai kuma dabarar takarda: yanki siririyar takarda mai laushi, ɗora ta a kan yadin, zuba dof a kanta da buroshi, ka riƙa janta a hankali tana barin siririn shafi a bayanta. Idan duk da haka ɗigo ya taru, juya fiffiken nan take wurin ya kalli ƙasa, ka shafa tina ta waje, zai baje.

Shafa sama da ƙasa a zama ɗaya. Da ya daina kama yatsa, mayar da shi kan allo ka danne, domin tsukewar tana ci gaba awanni bayan ya yi kamar ya bushe. Shafi ɗaya da safe ɗaya da yamma ya isa. Bayan na uku ɗaga shi ka duba ta hasken rana, za ka ga 'yan ƙananan huji a saƙar. Ci gaba har su rufe, yawanci tsakanin shafi huɗu zuwa shida. Daga na uku za ka iya goga 600 sama-sama don cire ƙura, amma ka yi hattara da kan haƙarƙari, gogawa biyu ta isa ta cinye yadin a nan.

Ga wutsiya da duk ɓangaren da katakonsa siriri ne, ɗiga man zurma na kemis, ɗigo biyu zuwa huɗu a kowane mililita 30 na dof. Yana rage jan, ya hana murɗewa. In ya yi yawa dof ba zai bushe da kyau ba. A shafi biyun ƙarshe na fiffike ma yana da amfani.

Ka riƙa ɗora aikin a sikeli. Fiffike mai tsawon santimita 120 da faɗin 20, sama da ƙasa, kusan rabin murabba'in mita ne, silikinsa bai wuce giram 10 ko 11 ba. Dof ne ke kawo nauyi, kuma kowane shafi bayan saƙa ta cika kaya ne kawai jirgin zai ɗauka. Da huji sun rufe, tsaya.

Gangar jiki, launi da gyara

Gangar jiki mai kusurwa huɗu ƙyalle huɗu take ci: ƙasa, gefe biyu, sannan sama, zaren tsaye na bin tsawonta daga hanci zuwa wutsiya. Mai zagaye kuwa a yi ta da dogayen ƙyallaye, kowanne ya hau ɗan'uwansa a kan sandar katako. Inda aka rufe da falanƙin balsa gaba ɗaya, shafa dof daga tsakiya zuwa baki kana kore iska.

Wajen ado, hanya mafi sauƙin nauyi ita ce ka yanka siririyar takarda mai launi ka liƙa ta da tina bayan shafi na uku, sauran shafin su rufe ta. Fenti mai launi yana da nauyi, a taƙaita shi a hanci da bakin fiffike. Jirgi mai batir ba ya buƙatar komai bayan wannan. Mai injin metanol kuwa sai an bar dof ya kwana biyu zuwa uku, sannan a rufe shi da butiret ko wani shafi mai jure mai, musamman hanci da duk inda hayaƙi ke bi.

Kafin ka fita fili sake duba ma'aunin jirgin. Wutsiya ta fi hanci nisa daga tsakiya, don haka nauyin siliki da dof yakan ja ma'aunin baya, jirgi mai nauyin baya kuwa ba ya jin magana a sama. Ɗora shi a kan yatsu biyu a wurin da zane ya nuna, in wutsiya ta yi ƙasa ƙara ɗan nauyi a hanci ko ka matsar da batir gaba. Hango fukafukan daga baya ka tabbatar ba wanda ya murɗe. In akwai, riƙe wurin a kan tururin tafasasshen ruwa da aka riga aka sauke daga wuta, murɗa shi ya ɗan wuce daidai ta ɗaya gefen, ka riƙe har ya huce, sannan ka danne shi a allo ya kwana. Wajen tashi kuma ka nisanci filin jirgin sama da sansanin sojan sama na Mando da duk wani wurin tsaro, ka nemi izinin masu filin da za ka yi amfani da shi.

Rana na cin siliki da dof, shi ya sa ake yi wa manyan jirage masu yadi shafin garin alminiyam a ƙarƙashin fenti. Naka ba shi da wannan kariya, don haka in ba tashi yake ba ya zauna a inuwa, kada a bar shi a rufaffiyar mota da rana. Da damina za ka iya ganin ya ɗan saki da safe, in gari ya yi ɗumi zai koma.

Idan ya yage, ƙaramar tsaga a haɗa bakinta, a yanko siliki da ya fi ta faɗi da santimita ɗaya ko'ina, a jiƙa shi, a ɗora, a shafa dof mai ruwa-ruwa daga tsakiya zuwa baki. Idan huji ne babba, yanke duk yadin da ke tsakanin haƙarƙari biyun da reza, ka share mai da datti daga bakin da ɗan tina, ka sa sabon ƙyalle jiƙaƙƙe wanda zarensa ya bi na tsohon, bakinsa ya hau kan haƙarƙarin, sannan ka cike saƙarsa da shafi uku ko huɗu. Saboda haka ka adana ragowar yadin a leda, nesa da haske, tare da ɗan dof a kwalbar da murfinta ke rufuwa sosai.